Kumatu Sun Faɗa, Amma Rai Na Nan

  Ina gaida waɗanda suka taru gindin rediyo a cibiyoyin yaƙi da jahilci. Ina gaida waɗanda za su karanta wannan magana a takarda, baƙi bayan baƙi. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Tawa da na arewacin Adar: Kalfu, Barmu, Afala, Takanamat, Tabalak, Keita da Tamaske.

Darasinmu na yau bisa fuska ne. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Gaskiya ne, amma ba kullum ba. Akwai fuskar da in ka kalle ta za ka ce mai ita ya kusa kabari, alhali ya fi ka ƙarfi a gona. Za mu yi magana bisa mutanen da ke shan maganin ciwon sida, waɗanda kumatunsu suka faɗa. Ku saurara da kyau, don wataƙila maganar ta shafi ɗan uwanku, ko maƙwabcinku, ko ku da kanku.

Labarin wani dattijo

Shekaru uku da suka wuce ina koyar da manya karatu da dare, a wani gari da ke arewa da Tawa. Cikin ɗalibaina akwai wani dattijo. Ba zan faɗi sunansa ba. Ba zan faɗi garinsa ba. Da wannan sharaɗi ya ba ni izini in ba ku labarinsa.

Kullum can baya yake zama, nesa da fitila. Kullum da rawani, ya ja amawali har bisa hanci. Ko da zafin bazara ba ya sauke shi. Mu Adarawa mun saba da rawani, don haka ba wanda ya kula. Ga karatu kuwa, ya riga kowa gane baƙaƙe.

Wani dare bayan an tashi, sai ya tsaya har kowa ya watse. Ya ce: «Malam, ina so ka taya ni karanta wani abu.» Ya fito da abu biyu daga aljihu. Ɗaya farar roba ce ta gidan likita. Ɗaya kuma katin ƴan ƙananan ƙwayoyin magani ne, ƙulle cikin leda. Sannan ya sauke amawali. Kumatunsa sun zurma ciki. Ƙashin fuska ya fito. Amma ƙarƙashin haɓa da wuya sun kumbura.

Na ce: «Baba, waɗannan ƙananan, tun yaushe kake shan su?»

Ya ce: «Kwana arba'in ke nan. Ga mai tallar magani na saye su ran kasuwa. Ya ce za su cika mini fuska kafin bikin ɗiyata.»

Na ce: «Wannan na roba fa?»

Ya yi shiru. Can ya ce: «Malam, na tafi biɗa Abijan tun ina saurayi. A 2006 na dawo gida ba lafiya. A amalanke aka kai ni bakin hanya. An auna jinina, aka sa ni bisa magani. Na tashi, na koma gona. Bayan shekara biyu ko uku sai fuskata ta fara faɗawa. An canza mini magani tuntuni, amma fuskar ba ta dawo ba. Mutane na kallona. Dangin yaron da zai auri ɗiyata za su zo bayan girbi. Ina jin in bar maganin likita, tunda shi ya cinye mini fuska.»

Ƴan uwa, ni ba lokotoro ba ne. Malamin karatu ne ni. Amma abin da na iya, shi muka yi. Muka matso da fitila, shi da kansa ya karanta. A bisa roba ya haɗa baƙaƙe: D, O, L, U. A bisa kati ya haɗa: D, E, sai ya tsaya. Baƙi na uku babu shi cikin baƙaƙen Hausa. Na ce masa X ne. Ya ƙarasa: D, E, X, A.

Na ce: «Baba, kada ka bar ko ɗaya da kanka. Gobe da safe ka ɗauki su biyun ka kai wa lokotoronka.»

Zan gaya muku yadda labarin ya ƙare. Amma bari mu fara gane inda abin ya samo asali.

Asalin abin

A 1987 aka fara sanar da samun ciwon sida a Nijar. Shekaru da yawa bayan nan babu magani a hannun talaka. Mu mutanen Adar mun ga abin da idonmu, don ƙasarmu ƙasar ƴan biɗa ce. Samari su tafi Abijan, ko Najeriya, ko Libiya, wasu su dawo da kaya, wasu su dawo da ciwo.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai magani mai ƙarfi tun 1996, amma tsadarsa ta fi ƙarfinmu. A 2001 wani kamfanin ƙasar Indiya mai suna Cipla ya karya farashin. Ya haɗa magani uku cikin ƙwaya ɗaya, sunanta Triomune. Ana shan ɗaya da safe, ɗaya da dare. A 2004 aka fara ba marasa lafiya maganin sida a Nijar. Har yau kyauta ake ba da shi.

Wannan ƙwaya ta ceci rayuka masu yawa. Wanda aka fid da rai gare shi ya tashi ya riƙe hauya. Mu riƙa tuna wannan, kada mu zama masu butulci. Amma cikin magunguna ukun nan akwai ɗaya mai suna stavudine. A takarda ana rubuta shi d4T. Shi ne ke cinye kitsen fuska. Akwai wani kuma mai suna zidovudine, ana rubuta shi AZT. Shi ma yakan yi haka, amma bai kai na farkon ba.

Da likitocin duniya suka tabbatar da wannan illa, sai Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta yi magana a ƙarshen 2009. Ta shawarci ƙasashe su daina amfani da stavudine. Ƙasashen Afirka, har da tamu, suka janye shi sannu a hankali. A 2019 OMS ta ce maganin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne wanda ke da dolutegravir a ciki. Ana taƙaita sunansa da baƙaƙe uku: TLD. Ƙwaya ɗaya ce a yini. Ita ce dattijon nan ya karanta a bisa roba.

To, ku riƙe wannan da kyau. Maganin da ya cinye fuskar dattijon nan ba shi ne yake sha yanzu ba. Tsohon ya tafi. Sawunsa ne ya rage.

Yadda abin yake a jiki

Ƙarƙashin fatar kowane mutum akwai kitse. Shi ne ke cika kumatu, ya rufe jijiyoyi, ya sa zama bisa tabarma ya yi daɗi. Wannan kitse yana zaune cikin ƴan ƙananan ɗakuna, kamar saƙar zuma. Ido ba ya ganinsu. Cikin kowane ɗaki akwai wani abu kamar murhu, mai ba ɗakin ƙarfi. Stavudine na lalata wannan murhu. In murhu ya mutu, ɗakin ya rushe, kitsen wurin ya tafi.

Abin ba ya zuwa dare ɗaya. Yakan ɗauki watanni da yawa, ko shekaru. Ga alamominsa:

1. Kumatu su zurma, gefen goshi ya lotsa, ido ya faɗa.

2. Hannuwa da ƙafafu su sirance, jijiyoyi su fito kamar igiya.

3. Mazaunai su ƙare, har zama bisa benci ya yi wuya.

4. Ga wasu, kitse ya taru inda ba a so: ciki ya fito, ko bayan wuya ya yi tozo, ko ƙirji ya ƙaru.

Wasu da suka sha stavudine kuma suna jin tafin ƙafa na zafi, ko yana mutuwa, kamar ana tsira musu ƙaya. Wannan ma a gaya wa lokotoro.

Ga magana mai nauyi, amma gara ku ji ta. In an canza magani, ɓarnar na tsayawa. Kitsen hannu da na ƙafa yakan ɗan dawo, sannu sannu, cikin shekaru. Na fuska kuwa sau da yawa ba ya dawowa duka. Ɗakin da ya rushe da wuya ya sake ginuwa.

Rama iri biyu ce

Yanzu ku buɗe kunnuwa, don nan ne mutane ke kuskure. Ba kowace rama ce ta tsohon magani ba.

Rama ta farko ita ce wadda muka faɗa. Fuska ta faɗa, amma mutum na da ƙarfinsa. Yana cin tuwonsa, yana shan furarsa, yana noma, yana tafiya kasuwa a ƙasa. In ya hau ma'auni, nauyinsa bai sauka sosai ba. Wannan tabo ne. Tabo ba ya kisa.

Rama ta biyu ita ce ta ciwo. Jiki duka na ƙarewa. Wando na faɗuwa daga ƙugu. Akwai tari wanda ya ƙi ƙarewa, ko zazzaɓi, ko zufa da dare, ko zawo mai daɗewa, ko rashin son abinci. Wannan na iya zama tarin fuka. Yana iya zama alamar magani ya daina aiki. Yana iya zama yunwa. Mai irin wannan kada ya jira ranar da aka rubuta masa. Ya tafi gidan likita yau.

Ta yaya za a bambanta su? Da abu biyu: ma'auni da awon jini. Duk lokacin da kuka je karɓar magani, ku hau ma'auni. Ku rubuta nauyinku a littafi da hannunku, tare da kwanan wata. Kun koyi lambobi, ga amfaninsu. Sannan akwai awon da ke ƙidaya ƙwayoyin cutar cikin jini. Ana yin sa wata 6 bayan fara magani, a sake a wata na 12, daga nan sau ɗaya kowace shekara. In awo ya nuna ƙwayoyin sun yi ƙasa har ba a ganinsu, magani na aiki. Wanda ya kai wannan matsayi, ya kuma riƙe shi, ba ya sa wa matarsa cutar ta hanyar kwanciya. Haka ma mace ga mijinta. Jini ne ke ba da labarin gaskiya, ba madubi ba.

Abin da za a yi

Na ɗaya: kada ka bar maganinka. Ko kwana ɗaya. Barin magani ba ya dawo da kumatu. Abin da yake dawowa da shi shi ne ciwon. In ka bari, ƙwayoyin cutar su farka, su yi yawa, kuma suna iya koyon yadda za su gagari maganin.

Na biyu: ka karanta sunan maganinka. Ka rubuta shi a littafinka. In ka ga AZT ko zidovudine, kuma fuskarka na faɗawa, ka gaya wa lokotoro. Har yanzu ana ba wasu AZT, in akwai dalili. Lokotoro ne zai duba ko akwai wanda zai maye gurbinsa. Kai dai ka faɗa. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku: ka tafi da tsohon hotonka. Hoton katin ɗan ƙasa ma ya isa. Wanda ke ganinka sau ɗaya cikin wata uku ba lalle ya san yadda fuskarka take a da ba.

Na huɗu: ka ci abinci mai gina jiki, daga abin da ƙasarmu ke bayarwa. Fura da nono, wake, gujiya da ƙuli-ƙuli, kwaɗon zogala, ƙwai, cuku, kifin Tabalak in ya samu. Amma ka sani, abinci na ƙara ƙarfi ne, ba ya cika ramin kumatu. In ka dage da shan mai da sukari don fuska ta cika, ciki ne zai fito, fuska tana nan yadda take.

Na biyar: ka motsa jiki. Manomi da mai ɗiban ruwa suna da nasu motsin. Mai zama shago a birnin Tawa, da mai ɗinki, da direba, su riƙa tafiya a ƙasa kamar rabin awa kowace rana. Motsi na gina tsoka, yana rage kitsen ciki.

Na shida: ka sa a riƙa auna maka hawan jini da sukari. Mutanen da kitsen jikinsu ya canza wuri sun fi shiga haɗarin ciwon sukari da ciwon zuciya. Mai shan taba ya yi ƙoƙari ya bari.

Na bakwai: ka kula da haƙoranka. In haƙoran gefe suka zube, kumatu na ƙara zurmawa.

Na takwas, ga ƴan biɗa: kafin ka hau mota, ka je wurin lokotoronka. Ka gaya masa inda za ka, da watannin da za ka yi. Ka tambaya ko za a ba ka maganin watanni da yawa. Ka riƙe takardar da ke ɗauke da sunan maganinka, kamar yadda kake riƙe katin ɗan ƙasa.

Wani zai ce: shin babu abin da ke cika fuskar? Akwai. A wasu ƙasashe likitocin fata na yin wata allura a kumatu, mai sa fata ta yi kauri. A 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da irin wannan allura don masu wannan matsala. Ana kuma iya ɗebo kitse daga wani wuri na jikin mutum a sa masa a fuska. Amma aikin na da tsada ƙwarai. Allurar ba ta dawwama, bayan kamar shekara biyu sai an sake. Kuma sai ƙwararre ke yin ta. Na faɗa muku ne don ku sani, kuma don kada wani ya ruɗe ku. Duk wanda ya zo da sirinji a jaka ya ce zai cika muku fuska, ku guje shi. Allurar da ba ta ƙwararre ba na kawo ƙurji, da kumburi mai tauri, har da makanta.

Maganin ƙiba na kasuwa

Mu koma ga katin nan na dattijo. D, E, X, A: sunansa cikakke dexamethasone. Magani ne na gaske, mai ƙarfi. Likitoci na amfani da shi ga wasu cututtuka, da awo, na ƴan kwanaki. Amma masu tallar magani na sayar da shi a matsayin maganin ƙiba. Kun gan su ran Lahadi a kasuwar Tawa, kun gan su a kasuwannin ƙauye, da tire bisa kai ko kwali bayan keke. Mata da ƴan mata ma na saye don su yi jiki kafin biki.

Ku ji abin da yake yi in an daɗe ana sha. Fuska ta kumbura ta yi zagaye. Mai ita ya yi murna, ya ce ya yi ƙiba. Ba ƙibar lafiya ba ce. Ciki ya fito, hannuwa da ƙafafu su ƙara sirancewa. Sukarin jini ya hau. Hawan jini ya zo. Ƙashi ya yi rauni. Fata ta yi laushi ta riƙa tsagewa. Mafi muni, yana karya garkuwar jiki. Garkuwar nan kuwa ita ce mai ciwon sida ya yi shekaru yana ginawa da magani. Ka gina katanga da rana, ka rushe ta da dare. Tarin fuka da ke kwance sai ya samu ƙofa. An gudu daga gara, an faɗa gidan zago.

Ga gargaɗi mai muhimmanci. Wanda ya yi makonni yana shan wannan magani kada ya yanke shi dare ɗaya. Jiki ya riga ya dogara da shi. Yankewa farat ɗaya na iya sa mutum ya faɗi, har ya rasa ransa. Ya kai katin ga lokotoro, a rage masa kaɗan kaɗan har ya rabu da shi. Abin da ya sa ke nan na ce wa dattijon kada ya bar ko ɗaya da kansa.

Haka kuma, duk wani magani da kake sha, na bature ko na gargajiya, ka gaya wa lokotoronka. Maganin ƙarin jini mai ƙarfe, da wasu magungunan zafin ciki, suna iya hana dolutegravir shiga jini yadda ya kamata. Lokotoro zai gaya maka lokacin shan kowanne.

Ga masu farawa yau

Wataƙila wani na saurare, an auna shi, an ce ya fara magani, amma yana tsoro. Ya ga fuskar wani, ya ce shi ba zai sha ba. Ɗan uwana, ƴar uwata, ku kwantar da hankalinku. Maganin da ake farawa da shi yau ba shi da stavudine a ciki. Ba a san shi da cinye kumatu ba. Abin da aka lura da shi ma shi ne wasu na ƙara nauyi, musamman mata. Binciken da aka yi a Kamaru da Afirka ta Kudu, wanda aka bayyana a 2019, ya nuna haka. Don haka ku ma ku riƙa hawa ma'auni. In nauyi na hawa da sauri, ku rage sukari cikin shayi, ku rage soye-soye, ku gaya wa lokotoro. In ba ku san inda ake ba da magani ba, ku tambaya a gidan likitan da ya fi kusa da ku, ko a babban gidan likita na jaha da ke Tawa.

Magana ga sauran jama'a

Yanzu maganata ga waɗanda ba su da wannan ciwo. Ku ne rabin maganin.

Ba a gane mai sida a fuska. Tsufa na zurma kumatu. Zubewar haƙora na zurma su. Wahalar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, na zurma su. Wasu kuma haka Allah ya halicce su. Akwai kuma mai kumatu cike, yana ɗauke da ƙwayar cutar bai sani ba. Awon jini kaɗai ke faɗa. Binciken ƙasa na 2006 ya nuna cikin mutum 1000 masu shekara 15 zuwa 49, kamar 7 ne ke da ita a Nijar. Na 2012 ya nuna kamar 4. Kun ga masu faɗaɗɗen kumatu a garuruwanmu sun fi wannan yawa nesa ba kusa ba.

Ko da kun san mutum na shan magani, ba ku da ikon yaɗawa. Ƙasarmu ta yi doka bisa wannan a 2007, ta sabunta ta a 2015. Dokar na kare sirrin mai ciwon, tana hana a wulaƙanta shi. Ba a ɗaukar sida ta gaisuwa, ko cin tuwo a akushi ɗaya, ko shan fura a ludayi ɗaya, ko tsayuwa sahu ɗaya. Ku sani, kallo da tsegumi ne suka tura dattijon nan wurin mai talla. Su ne suka kusa sa shi ya bar maganin da ya riƙe shi shekaru da yawa.

Masu wannan ciwo kuma suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, ana kiranta RENIP+. Wanda abin ya yi wa nauyi ya tambaya a gidan likita a haɗa shi da ƴan uwansa. Magana da wanda ya san ciwon na rage kaya.

Ƙarshen labarin

Dattijon nan ya tafi gidan likita da safe. An auna shi, aka tarar sukarinsa ya hau. Shi ya sa yake yawan jin ƙishirwa, yana tashi fitsari da dare. An rage masa ƙwayoyin kasuwa kaɗan kaɗan har ya rabu da su. Kumburin wuya ya saɓe. An yi masa awon ƙwayoyin cutar, ba a gan su ba.

Kumatunsa ba su dawo ba. Ba zan yi muku ƙarya ba. Bayan girbi dangin yaron suka zo, aka ɗaura aure. Shi ya karɓi baƙinsa da kansa. Da muka koma karatu, ya baro baya ya dawo kusa da fitila. Wani dare da rawani yake zuwa, wani dare da hula. Ya nuna mini littafinsa. A shafin farko ya rubuta sunan maganinsa. A ƙasa ya jera nauyinsa, wata bayan wata. Ya ce: «Malam, yanzu ba na sayen abin da ban karanta ba.»

Aikin cibiya

Malaman cibiyoyi, ku rubuta waɗannan kalmomi bisa allo, ɗalibai su kwafa: fuska, kumatu, kitse, magani, ma'auni, awo.

Ku rubuta wannan jimla, kowa ya karanta da ƙarfi: Tabo ba ciwo ba ne.

Sannan ku tattauna waɗannan tambayoyi, ba tare da an ambaci sunan kowa ba:

1. Wane magani ne ke cinye kitsen fuska? A wace shekara OMS ta ce a daina shi?

2. Mene ne bambanci tsakanin ramar tsohon magani da ramar ciwo?

3. Me ya sa maganin ƙiba na kasuwa yake da haɗari? Me ya sa ba a yanke shi dare ɗaya?

4. Me ɗan biɗa zai yi kafin ya hau mota?

5. In ka ji ana tsegumin fuskar maƙwabcinka a majalisa, me za ka ce?

A gida kuma, kowa ya ɗauki kwalin wani magani da ke ɗakinsa. Ya nemo sunansa, ya rubuta shi a littafi, ya nemo kwanan watan da zai lalace.

Nan za mu tsaya yau. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya dawo da matafiyanmu gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.